Ƙulli Bisa Ƙulli: Tarihin Dardumar Farisa

A shekarar 637 Miladiyya, wato shekara ta 16 bayan Hijira, rundunar Musulmi ƙarƙashin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ta shiga Mada'in, babban birnin sarakunan Farisa da ke bakin kogin Dijla. Sarki Yazdajird na uku ya riga ya tsere da abin da ya iya ɗauka. Cikin abin da ya bari a fada akwai wata shimfiɗa da Larabawa ba su taɓa ganin irinta ba. Imamu Ɗabari ya kawo labarinta a littafinsa na tarihi. Kamu 60 ce a tsawo, kamu 60 a faɗi, an zana lambu a jikinta da hanyoyi da magudanan ruwa da itatuwa, ganyayen na alharini, furannin na zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja. Farisawa na kiranta Baharistan, daga kalmarsu ta bahar, lokacin da itatuwa ke tofo. Idan hunturu ya kankama lambuna suka bushe, sai sarki ya sa a shimfiɗa ta, ya zauna da fadawansa kamar suna tsakiyar lambu.

Sa'adu ya rasa yadda zai raba ta tsakanin mayaƙa, sai ya nemi su yafe rabonsu, ya aika da ita Madina. Sayyidina Umar ya yi shawara da sahabbai, aka yanka ta gunduwa-gunduwa aka rarraba. Ɗabari ya ce Sayyidina Ali ya sayar da nasa yankin dirhami dubu 20, alhali ba shi ne yanki mafi kyau ba.

Na fara da wannan labari ne don ya fayyace wani bambanci. Darajar shimfiɗar Kisra, wato sarkin Farisa, tana cikin zinariya da duwatsun da ke jikinta, shi ya sa ko da wuƙa ta ratsa ta kowane yanki ya riƙe kuɗinsa. Dardumar da ta ɗaukaka sunan Farisa a duniya daga baya ba haka take ba. Ulun tumaki ne da zaren auduga ko na alharini, da rinin saiwa da ganye. In ka warware ta ka kai kayan kasuwa, ba za ka samu ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗinta ba. Ragowar kuɗin duk na kwanakin da wani ɗan Adam ya yi ne a zaune, baya a sunkuye, yana ƙulla zare ɗaya bayan ɗaya.

Sana'ar kuwa ta girmi Kisra nesa ba kusa ba. A 1949 wani masanin tono kayan tarihi ɗan Rasha, Sergei Rudenko, ya buɗe wani tsohon kabari a kwarin Pazyryk da ke duwatsun Altai a Siberiya. Ɓarayi sun taɓa fasa kabarin tun zamanin da, ruwa ya shiga ta kafar da suka bari ya daskare, ƙanƙarar kuma ta adana abin da ke ciki fiye da shekara dubu biyu. A nan aka tarar da darduma ta ulu, kimanin mita biyu kowane gefe, mai jan ƙasa, an kewaye ta da jerin mahaya dawaki da jerin wasu manyan barewa masu rassan ƙaho. Ana ƙiyasta an saƙa ta wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa. A kowane murabba'in santimita ɗaya akwai ƙulli kusan 36, jimilla sama da miliyan ɗaya. Masana da yawa sun ga mahayan sun yi kama da waɗanda aka sassaƙa a bangon fadar Persepolis, don haka suka jingina ta ga Farisa ta wancan zamani, wasu kuma suka ce daga wata ƙasa ta kusa ta fito. Inda suka haɗu shi ne wanda ya yi ta ba ɗan koyo ba ne. Hannun da ya kai haka, lalle an daɗe ana gadon sana'ar kafin shi. Yau tana gidan tarihi na Hermitage a birnin Saint Petersburg.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi a ƙasarmu ya san rabin aikin. Da wadari ake farawa, a ja zaren tsaye a ɗaure shi tam a jikin katako. A birane katakon a tsaye yake, masaƙa na zaune a gabansa bisa benci. Makiyaya irin su Kashka'i da Bakhtiyari a ƙasa suke kafa nasu da turaku, don in tashi ya kama a naɗe aikin a ɗora wa dabba, a ci gaba a masauki na gaba. Daga nan hanya ta rabu da tamu. Masaƙiya za ta jawo bakin zaren ulu daga ƙwallon da ke rataye a saman kanta, ta naɗa shi a zaren tsaye guda biyu, ta ja shi ƙasa da ƙarfi, ta datse da ƴar wuƙar da ba ta barin tafin hannunta. Ƙulli ɗaya ke nan. Ta matsa zare biyu na gaba, wataƙila da wani launi dabam, ta sake. In layi ya cika daga gefe zuwa gefe sai ta ratsa abawa, ta ɗauki wani matsefi mai nauyi na ƙarfe ta daddaka layin har ya matse, sannan ta bi da almakashi ta daidaita gashin. A Tabriz ba da yatsa kaɗai ake ƙullin ba, da wata wuƙa ce mai ƙugiya a baki, kuma saurin hannunsu ya fi ƙarfin idon baƙo. Ƙullin iri biyu ne: na Farisa, wanda ke naɗe zare ɗaya ya zaga ta bayan ɗayan, da na Turkawa mai naɗe duka biyun, wanda ya fi yawa a arewa maso yamma, wajen Tabriz da Heriz da Hamadan da Bijar.

Gwanar masaƙiya kan yi ƙulli kamar dubu goma a yini. A yi lissafi. Dardumar falo mai mita biyu da mita uku, in an yi ta da ƙulli 50 a kowane murabba'in santimita, ƙulli miliyan uku ke nan, wato kwana 300 na mutum ɗaya, wata goma cur ba hutu. Wannan kuma matsakaiciya ce, ba a ma zo ga na alharini ba.

Kafin ulun ya iso hannunta ya bi ta hannun mai sausaya da mai wanki da mai kaɗi da marini. Ja daga saiwar wani tsiro ake samunsa, sunansa runas a harshensu. Shuɗi kuwa baba ne, irin dai wanda marinanmu na Ƙofar Mata ke tsoma yadi a ciki ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Ɓawon rumman na ba da ruwan ɗorawa, ɓawon ɗan itacen da suke kira gerdu na ba da ruwan ƙasa, alif kuma shi ke sa rinin ya kama zare. Da yake tukunyar rini ba ta cika fitar da launi ɗaya sak sau biyu ba, sai ka ga shuɗin darduma ya ɗan sauya a tsakiya, ya yi duhu ko ya yi haske a inda tsohon zare ya ƙare aka ɗauko sabo. Abrash suke kiran wannan. Wanda bai sani ba zai ɗauka aibi ne, masana kuwa nemansa suke, domin shi ke nuna ranar da ulu ya ƙare wa wata mata a ƙauye.

Ƙarnuka da yawa bayan Mada'in sai a littattafai da zane-zane kawai ake ganin dardumar Farisa. Marubutan labarin ƙasa na ƙarni na goma sun ambaci garuruwan Fars da saƙar shimfiɗu, zane-zanen littattafai na zamanin jikokin Taimur sun nuna sarakuna zaune bisa dardumai masu adon kusurwa-kusurwa, amma dardumomin kansu ƙasa ta cinye kusan dukkansu. Abin da ake takawa ba ya daɗewa sai an yi sa'a.

Zamanin da ya bar mana abin gani da ido shi ne na Safawiyya, wanda Shah Isma'il ya kafa a Tabriz a 1501. A ƙarƙashin ɗansa Shah Tahmasp, wanda ya yi mulki daga 1524 zuwa 1576, darduma ta tashi daga aikin ƙauye ta shiga fada. Masu ƙawata littattafai da bangon Alƙur'ani su suka riƙa zana tsarin a takarda, masaƙa suna bi ƙulli-ƙulli. Daga nan aka samu babbar tambarin tsakiya da suke kira toranj, da rassan furanni masu lanƙwasa da nannaɗewa waɗanda har yau su mutum ke tunawa in an ce dardumar Farisa. Ta kuma zama kyautar sarakuna. Cikin kayan da Tahmasp ya aika wa Sarkin Usmaniyya Salim na biyu a 1568 akwai dardumai na alharini. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu shimfiɗar sarki ta zama abin girma, tunda a fadar Kano mai kula da ita har sarauta yake da ita, Kilishi.

Mafi shahara daga wannan zamani ita ce dardumar Ardabil, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Tagwaye aka yi su, don hubbaren Shehu Safiyuddin, kakan gidan Safawiyya, wanda ya rasu a 1334. A gefe ɗaya na kowacce an saƙa baiti daga waƙoƙin Hafiz, sai suna, Maƙsud Kashani, sai shekara, 946 Hijiriyya, wadda ta yi daidai da 1539 zuwa 1540. Wadda ta fi cika tana da tsawon mita goma da rabi, faɗin mita biyar da ɗoriya. Ƙasanta shuɗi ne mai duhu, furanni sun cika shi kamar taurari a daren da babu wata, a tsakiya ga toranj mai ruwan ɗorawa da ƙananan tambari 16 kewaye da shi, sai fitilu biyu irin na masallaci suna rataye, ɗaya ta fi ɗaya girma. Launi goma kacal aka yi duk wannan da shi. Ƙullin da ke cikinta ya kai kimanin miliyan 26. Da mutum ɗaya zai yi ta, da sai ya shafe fiye da shekara bakwai, don haka dole mutane da yawa ne suka jeru kafaɗa da kafaɗa. Masana na ganin Maƙsud shi ne mai tsarawa ko mai kula da aikin. Sunansa ya zo mana. Na waɗanda yatsunsu suka yi ƙullin miliyan 26 ɗin ko ɗaya bai zo ba, kuma wannan abu yana damuna duk lokacin da na karanta yabon da ake yi wa dardumar.

Shekara ɗari uku da ɗoriya tagwayen suka yi a Ardabil. A ƙarshen ƙarni na 19 aka sayar da su, sun tsufa sun yayyage, suka bi ta hannun kamfanin Ziegler na Manchester zuwa Landan. An yanki sassan ɗaya an gyara ɗayar. A 1893 gidan tarihin da ake kira Victoria da Albert a yau ya sayi wadda aka gyara a kan fam 2,000, bayan mai zane William Morris ya duba ta ya dage a saya. Ƴar'uwarta da aka rage wa gefe ta yi ta sauya hannu har attajirin mai J. Paul Getty ya ba da ita kyauta ga gidan tarihi na Los Angeles. Ta Landan tana kwance cikin wani babban akwatin gilashi, a cikin duhu-duhu, ana kunna mata fitila minti goma kawai a kowane rabin awa don kada haske ya cinye launinta. Mutane kan zauna su jira fitilar.

Shah Abbas na ɗaya, wanda ya hau mulki a 1588, shi ya mayar da sana'ar hanyar shigar kuɗi. Ya mai da babban birni Isfahan a 1598, ya kafa masaƙun fada, ya kwaso ƴan kasuwa Armeniyawa daga garin Julfa ya zaunar da su a wata sabuwar unguwa a Isfahan, su kuma suka kai alharini da darduma har Turai. A 1601 Sarkin Poland Sigismund na uku ya tura wani ɗan kasuwa Ba'armeniye, Sefer Muratowicz, takanas zuwa Kashan ya sa a saƙa masa dardumai. Irin waɗannan na alharini da zaren zinariya da azurfa sun yi yawa a gidajen sarautar Poland, har da wani basarake na gidan Czartoryski ya baje su a kasuwar baje koli ta Paris a 1878 sai Turawa suka ɗauka a Poland aka saƙa su. Sunan ya bi su har yau, ko da yake kowa ya san aikin Isfahan da Kashan ne.

A 1722 rundunar Afganawa ƙarƙashin Mahmud Hotak ta kewaye Isfahan har yunwa ta sa birnin ya miƙa wuya. Fada ta watse, masaƙunta suka rufe, aka shiga shekaru na yaƙi da sauyin sarauta. Littattafai kan ce a nan sana'ar ta mutu na tsawon ƙarni ɗaya da rabi. Ni ban yarda da wannan ba. Saƙar fada ce ta tsaya. Matan ƙauyuka da na makiyaya ba su taɓa ajiye wuƙa ba, domin ba don sarki suke yi ba tun asali. Suna saƙa abin kwanciya, da jakar gishiri, da mayafin doki, da dardumar da yarinya za ta tafi da ita gidan miji, ba takarda ba zane, tsarin yana ka, uwa ta koya wa ƴa. Da ba su riƙe ba, da ƴan kasuwar da suka zo daga baya ba su tarar da hannun da za su ba aiki ba.

Farfaɗowar ta zo ne a zamanin sarakunan Kajar, kuma dalilinta na kasuwa ne tsantsa. A shekarun 1860 wata cuta ta faɗa wa tsutsar alharini a lardin Gilan, babban abin da Iran, wato Farisa, ke fitarwa waje ya durƙushe. A daidai lokacin masu kuɗin Turai suka kamu da son kayan gabas, musamman bayan baje kolin Vienna na 1873. Ƴan kasuwar Tabriz suka bazu gari-gari suna sayen tsofaffin dardumai daga gidaje suna aikawa Istanbul. Da tsofaffin suka ƙare sai suka kafa masaƙu na kansu. Kamfanin Ziegler, wanda yadin Manchester yake shigowa da shi yana neman abin da zai koma da shi a madadin kuɗi, ya buɗe ofis a Sultanabad, garin da ake kira Arak a yanzu, a 1883. Yana ba masaƙa rinannen ulu da zane, yana faɗa musu girman da ya dace da falon Bature da launin da ba zai yi wa idonsa ƙarfi ba.

Kuɗi ya shigo, amma da shi gaggawa ta shigo. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, ya gano rinin sinadari na farko, kuma ba a daɗe ba irin wannan rini ya isa kasuwannin Iran. Yana da araha, ba ya buƙatar kwanakin jiƙa saiwa, sai dai na farkon-farkon rana na cinye shi, ruwa kuma na sa ya zuba. Dardumar da aka saya jajir sai ta koma toka-toka cikin ƴan shekaru. Araha ba ta ado. Gwamnatin Kajar ta yi ta kafa dokar hana shigo da shi don kare sunan ƙasar, ƴan sumoga kuma suna shigowa da shi. A Khurasan aka yawaita wani ƙulli da ake kira jufti, wanda ake naɗawa a zare huɗu maimakon biyu, aiki ya ragu da rabi, ƙarko ma ya ragu. Mafi muni shi ne abin da ya faru a masaƙun Kirman, inda ake sa ƙananan yara aiki daga safe har yamma a ɗakuna marasa haske, wani babba yana rera musu launukan layi suna bi, har ƙafafun wasu suka lanƙwashe saboda zama. Lamarin ya kai ga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi wa gwamnatin Iran magana a farkon shekarun 1920. Wanda ke son dardumar Farisa da gaske bai kamata ya tsallake wannan shafin ba.

Bayan yaƙin duniya na farko Amurka ta zama babbar mai saye. Dardumar Saruk mai ja ta cika gidajensu, har dillalan New York kan wanke ta da sinadari launin ya dushe, sannan su sa a bi jan da wani rini mai duhu da hannu don ya dace da abin da masu saye ke so. Karyewar tattalin arziki ta 1929 ta kori yawancin kamfanonin waje, sai gwamnatin Reza Shah ta kafa kamfanin darduma na ƙasa a 1935. A wannan zango ne garuruwan da ba a san su da sana'ar ba suka shigo. Na'in, da aka sani da saƙar alkyabba, ta koma darduma mai tsananin laushin ƙulli. Ƙum ta fara, daga baya ta yi suna da ta alharini zalla. Aka buɗe gidan tarihin darduma a Tehran a 1978, shekara guda kafin juyin juya hali. Rumbunan tashar jiragen ruwa ta Hamburg a Jamus kuwa suka zama babbar matattarar cinikin darduma a Turai, yawancin dillalan Iraniyawa ne.

Daga nan siyasa ta karɓi ragama. Amurka ta hana shigo da kayan Iran a 1987, ta buɗe wa darduma ƙofa a 2000, ta rufe a 2010, ta buɗe a Janairun 2016 bayan yarjejeniyar nukiliya, ta sake rufewa a Agustan 2018. Kowace rufewa dama ce ga Indiya da Pakistan da Sin da Afganistan, inda ake saƙa tsarin Kashan da na Tabriz da ƙwadago mai rahusa. Ta ɗaya gefen ga injuna, na Gaziantep a Turkiyya da na kewayen Kashan ɗin kanta, suna fitar da kafet cikin awanni. A 1994 Iran ta fitar da dardumar hannu ta sama da dala biliyan biyu. A shekarun nan na baya abin da take fitarwa bai kai dala miliyan 100 a shekara ba. Masaƙan, waɗanda akasarinsu mata ne a ƙauyuka, su suka fi jin jiki, kuma ko a lokacin da kasuwa ke ci ba su ne ke kwasar riba ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma hannun bai mutu ba. Dardumar babban masallacin Sultan Ƙabus a Maskat, wanda aka buɗe a 2001, mata kusan 600 ne daga Khurasan suka yi shekara huɗu suna saƙa ta. Ta masallacin Shaikh Zayid a Abu Dhabi ta fi ta girma, murabba'in mita sama da 5,600, masaƙa kimanin 1,200, ƙulli fiye da biliyan biyu. Gabbeh, dardumar makiyayan Fars mai kauri da sauƙin zane wadda a da ba a ɗauke ta abin sayarwa ba, ta samu kasuwa a Turai tun shekarun 1980, ta kuma dawo da rinin saiwa da ganye. A 2010 hukumar UNESCO ta sa saƙar Fars da ta Kashan cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Sai batun kuɗi, wanda shi mutane suka fi tambaya. A Afrilun 2010 aka sayar da wata dardumar Kirman ta ƙarni na 17 a gidan gwanjon Christie's da ke Landan a kan fam miliyan 6.2. Watanni kaɗan kafin nan wani ƙaramin gidan gwanjo a Jamus ya yi mata kuɗi yuro 900 kacal. A Yunin 2013 gidan Sotheby's na New York ya sayar da wata, ita ma ta ƙarni na 17, wadda ta taɓa zama mallakar Sanata William Clark, a kan dala miliyan 33.7, kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya wa darduma a gwanjo. Waɗannan labarai dillalai na son ba da su, amma kada su ruɗi kowa. Irin waɗannan dardumai ƙidayayyu ne a duniya. Wadda za ka saya sabuwa a shago, in ka juya za ka sayar gobe, da wuya ka mayar da kuɗinka.

Iraniyawa sun daɗe suna riƙon darduma a matsayin ajiya, kamar yadda iyayenmu mata suka riƙi tasoshi da kwanonin jere, abin da ake ado da shi yau a kai kasuwa ranar da buƙata ta taso. Sai dai ajiyar tasu a ƙasa take, ana cire takalmi a hau, a ci abinci a kai, a yi salla, yara su yi rarrafe. Ulu mai kyau da aka yi wa rinin gaskiya tafin ƙafa ƙara masa sheƙi yake, launin ya kwanta ya yi taushi, har dardumar da ta shekara hamsin ta fi sabuwa kyau. Kafet ɗin inji kuwa ranar da aka shimfiɗa shi ita ce ranar kyansa. A ganina wannan ne ainihin ribar mallakarta: abu ne da mutum zai yi amfani da shi kullum har ƙarshen ransa, ya bar wa ɗansa, ɗan ya bar wa jika, ana wankewa ana gyara gefe.

Alhazanmu da ƴan kasuwarmu kan ci karo da ita a shagunan Makka da Madina da Dubai, a jere da na inji masu kama da ita, kuma sunan Kashan ko Tabriz a bakin mai shago ba shaida ba ce. Juya ta ka dubi bayanta. Ta hannu zanenta na fitowa tsaf ta baya, ana iya ƙirga ƙullin, layukan kuma ba sa miƙewa sak. Gezar bakinta ci gaban zaren tsaye ce, ba ɗinka ta aka yi daga baya ba. Goga farin ƙyalle mai laima a kan jan ka ga ko zai zuba. Tambayi garin da aka yi ta, da ulu ne ko alharini, da yawan ƙullinta, sannan ka yi lissafin kwanakin da kanka kafin ka fara taya. In ka kawo ta gida, ka nisanta ta daga danshin damina da rana mai dukan wuri ɗaya, ka riƙa juya ta, kada ka naɗe ta a leda ka manta, domin asu ya fi son ulun da ba a takawa.